Harajin Amurkawa Masu Sana'ar Kansu a Ƙasashen Waje

Harajin Amurkawa masu sana'ar kansu a ƙasashen waje shi ne nauyin da dokar Amurka ta ɗora wa ɗan ƙasarta, ko mai riƙe da katin zaman dindindin da ake ce wa girin kad, wanda yake zaune a wata ƙasa yana cin gashin kansa, ba albashin wani yake karɓa ba. Mai aikin fassara a Balin, da mai rubuta manhajar kwamfuta a Lisbon, da likita mai asibitin kansa a Abuja, duk hukuncinsu ɗaya ne muddin suna da fasfo ɗin Amurka ko sun cancanci samunsa. Nauyin iri uku ne: harajin kuɗin shiga, da harajin fansho da lafiya, da bayyana asusun bankin da mutum yake da shi a waje. Na farkon, wanda aka fi magana a kansa, sau da yawa ba ya cin ko sisi idan an gama lissafi. Na biyun ne yake cin aljihu. Na ukun kuwa babu haraji a cikinsa, amma tarar sakaci da shi tana iya fin sauran biyun nauyi.

Asalin dokar

Kusan duk ƙasashen duniya suna karɓar haraji ne bisa wurin zama: wanda ya tashi daga ƙasa ya koma wata, ya fita daga littafinta. Amurka ba ta bi wannan hanya ba. Ita zama ɗan ƙasa take kallo, ko da mutum bai taɓa taka ƙasar ba tun yana jariri. Ƙasar da aka saba ambata tare da ita ita ce Iritiriya, wadda take karɓar kashi 2 cikin ɗari daga 'yan ƙasarta mazauna waje.

Abin ya samo asali ne daga yaƙin basasar Amurka. Dokar haraji ta 1861 ta sa wa mazauna gida kashi 3 cikin ɗari, ta sa wa 'yan ƙasa mazauna waje kashi 5 a kan abin da dukiyarsu ta cikin Amurka take kawo musu, domin ana ganinsu a matsayin waɗanda suka tsallake suka bar 'yan'uwansu da yaƙi. A 1864 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da duk abin da suka samu ko'ina. Wancan haraji ya mutu bayan yaƙi, amma da aka kafa harajin kuɗin shiga na zamani a 1913, bayan gyara na 16 ga tsarin mulki, sai aka dawo da wannan ƙa'ida. A 1924 wani Ba'amurke mai suna Cook, mazaunin birnin Meziko wanda dukiyarsa duk tana can, ya kai ƙara yana cewa Amurka ba ta da iko da abin da ya samu. Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa, a shari'ar da aka sani da Cook da Tait, bisa hujjar cewa gwamnati tana amfanar ɗan ƙasarta da dukiyarsa a duk inda suke. Har yau a kan wannan hukunci ginin yake tsaye.

Wa ya wajaba ya shigar da takarda

Hukumar tara haraji ta tarayya, IRS, tana buƙatar mai sana'ar kansa ya shigar da fom 1040 idan ribarsa ta shekara ta kai dala 400, bayan an cire abin da ya kashe wajen gudanar da sana'ar. Wannan adadi ƙanƙane ne ƙwarai idan aka kwatanta da na ma'aikaci mai albashi marar aure, wanda a 2024 sai samunsa ya kai dala 14,600 kafin takardar ta wajaba a kansa. Kuma shi dala 400 ɗin ba a ɗaga shi bisa hauhawar farashi kamar yadda ake yi wa sauran adadai.

A jikin fom ɗin ana haɗa jadawali biyu. Na C shi ne inda ake lissafa abin da ya shigo da abin da ya fita: hayar shago ko ofis, kayan aiki, intanet, tafiyar da aka yi domin aiki. Na SE kuma shi ne inda ake fitar da harajin fansho da lafiya. Komai da dala ake rubuta shi, ko da mutum bai taɓa riƙe dala a hannunsa ba a shekarar, saboda haka sai an canza kowane yuro ko naira bisa farashin ranar da aka karɓa ko matsakaicin farashin shekara.

Garkuwa biyu daga harajin kuɗin shiga

Domin kada a ci mutum sau biyu a kan kuɗi ɗaya, doka ta tanadi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce keɓe abin da aka samu da gumi a waje, wadda tushenta yake a dokar 1926, kuma a yau tana sashe na 911 na kundin haraji. Ana nemanta da fom 2555. Iyakarta dala 120,000 ce a 2023, ta zama 126,500 a 2024, sannan 130,000 a 2025. Sharaɗinta shi ne cibiyar aikin mutum ta kasance a waje, kuma ya ci ɗaya daga cikin gwaji biyu: ko dai ya zama mazaunin wata ƙasa na haƙiƙa har tsawon cikakkiyar shekarar haraji, daga Janairu zuwa Disamba, ko kuma ya yi cikakkun kwanaki 330 a ƙasar waje cikin watanni 12 a jere. Kalmar cikakku tana da muhimmanci. Ranar da mutum ya sauka a Amurka ko ya tashi daga cikinta ba a ƙirga ta, haka nan kwanakin da ya yi a jirgin ruwa a tsakiyar teku inda ba ƙasar kowa ba.

Inda aka yi aikin ake dubawa, ba inda kuɗin ya fito ba. Mai zanen gine-gine da yake zaune a Akara yana yi wa kamfanin Cikago aiki, kuɗinsa na waje ne ko da a bankin Amurka aka zuba masa. Amma in ya je ganin gida na mako uku ya buɗe kwamfutarsa ya yi aiki a can, ladan waɗannan makonni ya zama na cikin Amurka, keɓewa ba ta rufe shi. Akwai kuma wata ƙa'ida da take shafar ɗan kasuwa musamman: idan jari ne ginshiƙin sana'ar, kamar mai sayen kaya yana sayarwa, abin da za a ɗauka a matsayin ladan guminsa ba zai wuce kashi 30 cikin ɗari na ribar ba. Sauran na jari ne, kuma ba a keɓe shi.

Hanya ta biyu ita ce rangwamen harajin da aka riga aka biya wa wata ƙasa, wanda aka kafa a 1918, ana nemansa da fom 1116. Duk dalar da mutum ya biya wa ƙasar da yake zaune a matsayin harajin kuɗin shiga ana rage masa ita daga abin da Amurka take binsa a kan wannan kuɗin. Abin da ya yi saura ana iya mayar da shi baya shekara 1 ko a ajiye shi har shekara 10. Mazaunin Jamus ko Faransa, inda haraji ya fi na Amurka tsada, yawanci wannan hanya ta fi masa. Mazaunin Dubai, inda ba a karɓar harajin kuɗin shiga daga mutum, ba shi da abin ragewa, sai dai keɓewa. Zaɓin ba na wasa ba ne: wanda ya ɗauki keɓewa sannan ya janye, ba zai sake komawa gare ta ba sai bayan shekara 5, in ba da izinin hukumar ba. Kuma a shekarar da ya yi amfani da ita, ya rasa kason tallafin yara da gwamnati take biya a hannu.

Yarjejeniyoyin haraji da Amurka ta ƙulla da ƙasashe fiye da 60 ba su cika taimakon ɗan ƙasarta ba, domin kusan kowacce tana da sakin layin da ya bar wa Amurka ikon karɓar haraji daga mutanenta kamar ba a yi yarjejeniyar ba.

Harajin da garkuwa ba ta tarewa

A nan ne mafi yawan mutane suke faɗawa rami. Mutum ya cike fom 2555, ya ga harajin kuɗin shigarsa ya koma sifiri, ya ɗauka ya gama. Bai gama ba. Harajin fansho da lafiya dabam yake, kuma keɓewa ba ta taɓa shi, rangwamen harajin waje ma haka.

Wannan haraji shi ne gudummawar da ake zubawa a asusu biyu: na fanshon tarayya, Social Security, wanda aka kafa a 1935 zamanin Shugaba Roosevelt, da na lafiyar tsofaffi, Medicare, wanda aka kafa a 1965. Masu sana'ar kansu sun fara shiga tsarin fanshon ne daga 1951. Ga ma'aikaci a Amurka, rabin gudummawar ake cirewa daga albashinsa, maigidansa ya biya rabi. Mai cin gashin kansa kuwa shi ne yaro shi ne maigida, don haka duka biyun a wuyansa suke: kashi 12.4 na fansho da kashi 2.9 na lafiya, jimilla kashi 15.3 cikin ɗari. Ana lissafa shi a kan kashi 92.35 na ribar. Kason fansho yana da rufi, dala 168,600 a 2024 da 176,100 a 2025, abin da ya haura nan ba a taɓa shi. Kason lafiya ba shi da rufi, har ma ana ƙara kashi 0.9 ga marar aure da samunsa ya wuce dala 200,000.

A ɗauki misalin mai koyar da Turanci ta intanet da ta ci ribar dala 50,000 a shekara tana zaune a Bankok. Keɓewa ta share mata harajin kuɗin shiga ƙaf. Amma kashi 92.35 na ribarta dala 46,175 ne, kuma kashi 15.3 na wannan ya kai kusan dala 7,065. Wannan kuɗi sai ta biya, ban da abin da Tailan take binta. Maƙwabciyarta Ba'amurkiya da take koyarwa a wata makarantar Tailan a kan albashi daidai da wannan ba za ta biya ko sisi a wannan asusu ba, domin dokar ba ta bin albashin da kamfanin wata ƙasa ya biya a kan aikin da aka yi a waje. Aiki ɗaya, gari ɗaya, kuɗi ɗaya, bambancin kawai wa ya sa hannu a takardar biya. Da wuya a sami hujjar adalci da za ta kare wannan rarrabewa.

Gaskiya ne kuɗin ba ɓata yake yi ba. Yana saya wa mai biya maki a asusun fansho, har 4 a shekara, kuma wanda ya tara 40, wato aikin shekara 10, ya cancanci fansho idan ya tsufa, ana kuma iya biyansa a mafi yawan ƙasashen duniya. Ga mazaunin ƙasar da ba ta da tsarin fansho ga masu zaman kansu, wannan abu ne mai daraja. Amma Medicare ba ta biyan kuɗin asibiti a wajen Amurka sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, saboda haka wanda ya yi niyyar ƙare rayuwarsa a waje yana biyan kashi 2.9 ne a kan inuwar da ba zai zauna a ƙarƙashinta ba.

Babbar mafitar da doka ta tanada ita ce yarjejeniyar haɗa fansho tsakanin Amurka da ƙasar da mutum yake zaune. Ta farko da Italiya aka yi, ta fara aiki a 1978, ta Jamus ta biyo a 1979, ta Kanada a 1984, ta Birtaniya a 1985. Yau ƙasashen sun kai kusan 30, yawancinsu a Turai, sai Japan da Koriya ta Kudu da Ostireliya da Cile da Barazil da Yurugwai. Manufarsu mutum ya zuba a asusu ɗaya kawai. A Kanada da Birtaniya, alal misali, mai sana'ar kansa yana biya ne a ƙasar da yake zaune. Sai ya karɓi takardar shaida daga hukumar fanshon can ya haɗa da fom ɗinsa na Amurka, kashi 15.3 ɗin ya faɗi. Yarjejeniyoyin kuma suna ba da damar haɗa shekarun aikin ƙasashen biyu idan na ɗaya ba su kai ba, muddin mutum yana da maki 6 a Amurka. Da Meziko an sa hannu a 2004 amma ba ta fara aiki ba. Indiya da Sin da Singafo da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ba sa ciki. A duk nahiyar Afirka babu ƙasa ko ɗaya.

Wannan giɓi ya shafi mutanenmu kai tsaye. Gyara na 14 ga tsarin mulkin Amurka, na 1868, shi ne tushen ba wa wanda aka haifa a ƙasar zama ɗan ƙasa, kuma akwai 'ya'yan ɗalibai da 'yan kasuwa da aka haifa a can aka dawo da su Kano ko Kaduna ko Yamai suna goye. Irin wannan yaro in ya girma ya buɗe shago, dokar Amurka tana kallonsa kamar mai shago a Teksas. A farashin naira 1,500 kan dala ɗaya, wanda aka gani a 2024, dala 400 naira 600,000 ce a shekara, wato 50,000 a wata, ƙasa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Nijeriya ta kafa a shekarar. Nijeriya da Nijar da Gana ba su da ko yarjejeniyar harajin kuɗin shiga da Amurka. A Afirka Masar da Maroko da Tunisiya da Afirka ta Kudu ne suke da ita.

Lokutan biya

Tunda babu maigidan da zai cire haraji daga albashi, wanda yake sa ran za a bi shi dala 1,000 ko fiye sai ya riƙa biya da kiyasi sau huɗu: 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, da 15 ga Janairun shekara mai zuwa. Mazaunin waje yana da ƙarin wata 2 na shigar da takarda, zuwa 15 ga Yuni, kuma da fom 4868 yana iya kaiwa 15 ga Oktoba. Jinkirin na takarda ne kawai. Kuɗin ruwa yana fara hawa tun 15 ga Afrilu. Tarar ƙin shigar da takarda kashi 5 ce na harajin da ba a biya ba a kowane wata har ta kai 25. Wasu jihohi ma ba sa sakin mutum da sauƙi. Kalifoniya ba ta yarda da keɓewar sashe na 911 ba, don haka wanda take ɗauka har yanzu mazauninta ne tana binsa haraji a kan abin da gwamnatin tarayya ta yafe.

Asusun banki da kamfani

Dokar sirrin banki ta 1970 ta wajabta wa duk Ba'amurke da jimillar kuɗin asusunsa na waje ta wuce dala 10,000, ko da na rana ɗaya ne a shekara, ya kai rahoto ga hukumar FinCEN ta ma'aikatar kuɗi. Rahoton shi ake kira FBAR. Jimilla ake dubawa, ba kowane asusu shi kaɗai ba, kuma asusun sana'a yana ciki. A wancan farashi na 2024, ɗan kasuwar da fiye da naira miliyan 15 ta kwana a asusunsa kafin ya biya masu kaya ya riga ya taka layin. Tarar wanda ya yi sakaci ba da gangan ba iyakarta dala 10,000 ce tun farko, ana ɗaga ta bisa hauhawar farashi. Ta mai gangan tana iya kai rabin abin da yake cikin asusun. A 2023 Kotun Ƙoli ta sassauta: Alexandru Bittner, ɗan kasuwa mai ƙasa biyu da ya koma Romaniya, an ci shi tarar dala miliyan 2.72 bisa ƙirgen asusu 272 a cikin shekara 5, kotu ta ce a kan kowane rahoto ake cin tarar ba kowane asusu ba, abin ya koma dala 50,000.

A 2010 aka ƙara dokar FATCA, wadda ta tilasta wa bankunan duniya su kai wa IRS sunayen abokan hulɗarsu Amurkawa, in ba haka ba a riƙe kashi 30 na wasu kuɗaɗen da suke fito musu daga Amurka. Ita ce ta sa takardar buɗe asusu a ƙasashe da yawa take tambayar ko mutum Ba'amurke ne, ita ce kuma ta sa wasu bankuna suke gudun Amurkawa gaba ɗaya. Mai asusun shi ma yana cike fom 8938 idan dukiyarsa ta waje ta wuce dala 200,000 a ƙarshen shekara ko 300,000 a kowane lokaci, in marar aure ne mazaunin waje.

Wasu suna kauce wa kashi 15.3 ta hanyar yi wa kamfani rajista a ƙasar da suke, su mayar da kansu ma'aikatansa. Doka ta yarda da haka, amma gaba kura ce baya sayaki. Mai irin wannan kamfani sai ya cike fom 5471, mai wuyar gaske, wanda tarar rashinsa dala 10,000 ce a kowace shekara. Dokar haraji ta 2017 kuma ta sa ana iya bin mai kamfanin haraji a kan ribar da bai ma cire ba. An yi dokar ne domin manyan kamfanoni masu ɓoye riba a waje, sai ragar ta kama har da mai gidan burodi.

Wanda ya makara da wanda ya fita

Ga waɗanda ba su san da nauyin ba, hukumar ta faɗaɗa wani shiri na sassauci a 2014: mazaunin waje ya shigar da takardun shekara 3 da rahoton asusu na shekara 6, ya rantse cewa ba da gangan ya yi ba, ya biya harajin da kuɗin ruwansa, a yafe masa tara. Ƙofar a rufe take ga wanda hukumar ta riga ta fara bincike a kansa. Wanda ya bar bashi ya taru kuwa, dokar 2015 ta ba da damar a hana shi fasfo ko a soke wanda yake hannunsa idan bashin ya wuce dala 50,000, adadin da ake ɗagawa kowace shekara.

Ƙungiyoyin Amurkawa mazauna waje sun daɗe suna neman a koma tsarin wurin zama. A Disambar 2024 ɗan majalisa Darin LaHood na jihar Ilinoi ya gabatar da ƙudurin haka, amma zangon majalisar ya ƙare bai zama doka ba. Wasu sun gaji da jira sun ajiye ƙasar, cikinsu har da tsohon firaministan Birtaniya Boris Johnson, wanda aka haifa a New York a 1964, ya biya wa Amurka haraji a kan gidan da ya sayar a Landan, sannan ya ajiye fasfo ɗin a 2016. Kuɗin ajiyewar dala 450 ne a 2010, aka mayar da shi 2,350 a 2014. Mai fita sai ya cike fom 8854 ya tabbatar cewa takardunsa na shekara 5 da suka wuce a kammale suke. In ya kasa, ko kuma dukiyarsa ta kai dala miliyan 2, yawanci ana yi masa lissafi kamar ya sayar da duk abin da ya mallaka kwana ɗaya kafin ranar da ya fita.